Taron jin ra'ayi kan Tafkin Bosomtwe: 'yan Zango suna da ta cewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake riƙe da ƙungiyar samarin unguwarmu a Aboabo, Kumasi. Kowace shekara washegarin Sallah mukan ɗauki mota mu kai yara Tafkin Bosomtwe su wuni. Ƙanwar mahaifiyata kuma tana kai waake Abono, ƙauyen da yake bakin tafkin, ranakun hutu tana sayarwa. Mun ji cewa idan hukuma za ta yi sabon tsarin kula da wuri irin wannan, takan kira taro ta ji ra'ayin jama'a. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, an riga an gama komai a ofis, kuma ƙasar ta Asantawa ce, mu baƙi ne. Akwai amfanin zuwa? In akwai, me za mu je mu faɗa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. In na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko mutumin da ba shi da gida ko gona a bakin tafki, zuwa kawai yake yi ya huta ko ya nemi na abinci, yana da hurumin magana idan an zo tsara yadda za a kula da wurin, sannan ko maganar tasa tana canza wani abu. Yana da hurumi, kuma maganar tana canza abu, sai dai galibi tun kafin ranar babban taro take yin aikinta. Na daɗe ina aikin tsare-tsaren gundumomi. Na zauna a teburin masu shirya irin wannan taro, na kuma zauna a kujerun baya cikin jama'a, to bari in gaya maka abin da ake gani daga wuraren biyu.

Wurin da ake magana a kai

Ku fara da sanin tafkin kansa, domin wanda ya tashi a taro yana magana kan wurin da bai sani ba, nan da nan ake gane shi. Bosomtwe yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, kun san hanyar, ta Atonsu da Kuntanase har a gangara Abono. Wannan gangaren da direba yake taka birki a kai bakin wani ƙaton rami ne da dutse ya faɗo daga sama ya haƙa, sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Tafkin Volta dam ɗin Akosombo ne ya tara shi, amma wannan halittar Allah ce.

Abin da ya fi komai muhimmanci a kansa shi ne ba shi da mafita. Babu kogin da yake fita daga cikinsa. Ruwan sama da ƙananan ƙoramu suna shiga, rana tana ɗauke wani, shi ke nan. Saboda haka ledar fiya wata da yaro ya jefa, da kumfar sabulun wanki, da maganin feshi da ruwa ya wanko daga gonakin koko na kan gangare, da ƙazantar masaukin da bai gina ramin bayan gida yadda ya kamata ba, duk suna shiga su zauna. Yawancin dokokin da za ku ji suna ɓata muku rai daga nan suka samo asali, kuma da gaskiyarsu.

Ƙauyuka sun kewaye shi, dubban mutane suna ci daga kifinsa. Ka taɓa tsayawa da sassafe ka kalli masuncin wurin? Kan wani falankin itace da suke kira padua yake zaune, ƙafafunsa a ruwa, yana tuƙi da hannu, ragarsa a gabansa. Al'adarsu ta hana ƙarfe taɓa ruwan, kuma Asantawa suna ɗaukar tafkin da tsarki, suna cewa nan rayukan matattu suke zuwa su yi bankwana. Wannan ba aƙidarmu ba ce, amma wanda ya je taro ya raina ta ya kashe maganarsa da bakinsa. Kuma wannan hanin ya daɗe yana rage yawan kifin da ake kwasa tun kafin a san wata hukuma.

A 2016 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Bosomtwe cikin wuraren da take kira ma'ajiyar halittu da mutane suke rayuwa a ciki, bayan Bia a 1983 da Songor a 2011. Irin wannan wuri kashi uku ake yi masa: cibiya da ake tsarewa sosai, zagayen da ake barin ayyuka masu sauƙi kamar bincike da yawon buɗe ido, sai na waje inda ake noma da gini da kasuwanci. Sunan UNESCO shi kaɗai ba ya kama kowa. Ikon yana hannun hukumomin Ghana, kuma a rarrabe yake. Ƙasa ta kujerun sarauta ce, daga odikro, wato mai gari na ƙauye, har zuwa fadar Manhyia wurin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II. Ruwan kuwa dokar 1996, Act 522, ta sa shi a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, Hukumar Albarkatun Ruwa take kula da shi. Izinin gini, tsafta da kuɗin shiga na asambuli ne, kuma tafkin ya taɓa gunduma fiye da ɗaya, akwai Bosomtwe mai hedikwata a Kuntanase, akwai Bosome Freho mai hedikwata a Asiwa. Ga EPA, hukumar kare muhalli, ga sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, ga hukumar yawon buɗe ido. Ga kuma tsarin CREMA, inda ƙauyuka suke kafa kwamitinsu su riƙe dokokin kula da albarkatun yankinsu.

Tsarin kulawa shi ne takardar da take haɗa waɗannan duka a wuri ɗaya. A cikinta akwai taswira da aka ja layuka a kai, nan a yi wanka, nan a yi su, nan kada a gina komai. Akwai dokokin kowane yanki, da sunan wanda zai yi kowane aiki, da inda kuɗin zai fito. Teburin innarka yana kan ɗaya daga cikin layukan nan, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Inda abokanka suka yi gaskiya

Ba zan ƙaryata su gaba ɗaya ba. Na halarci wani taro a wata gunduma, kan wani ruwa daban. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai da rana ta take. Tun daga bakin shiga aka miƙa wa kowa takardar sa hannu. Aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, shugaban taro ya yi jawabi, mai ba da shawara ya haska bayaninsa a bango da Turanci, rana ta hana a ga rubutun. Da aka zo tambayoyi aka ce mutum biyar, a taƙaita. Aka raba abinci a roba aka watse. A rahoto kuwa an rubuta cewa an tuntuɓi al'umma, aka manna takardar sa hannun nan a baya a matsayin shaida. A layin ƙarshe akwai wata mai soya kifi da ta wuni a zaune ba ta ce uffan ba. Da na bi ta bayan taro, cikin minti kaɗan ta nuna mini da yatsa inda ruwa yake kaiwa da damina, kuma daidai wurin ne aka zana za a gina rumfunan kasuwa.

Ba kullum mugunta take jawo haka ba. Kuɗin tuntuɓa shi ake fara yankewa idan kasafi ya gaza. Mai ba da shawara yana da wa'adin miƙa aiki. Babban dalilin kuma shi ne jerin sunaye. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na tsari, wani ma'aikaci yakan zauna ya lissafa masu ruwa da tsaki: sarakuna, asambuliman, shugaban masunta, masu otal, hukumomi, ƙungiyoyin muhalli. Waɗanda suke cikin jerin su ake bi gida-gida, su ake kira ƙananan zama, su ake tura wa daftari. Mai zuwa hutu daga Aboabo ko Sawaba ba ya cikin jerin, domin ba shi da ofis, ba shi da shugaban da aka sani, kuma asambulimanku na Asokore Mampong ne, ba ya zama a Kuntanase. Sai ku shiga takardar a matsayin matsala, "cunkoson ranakun hutu" da "shara", a yi muku doka ba tare da an ji daga bakinku ba. Babban taron da abokanka suke rainawa yawanci na tabbatar da daftari ne, a lokacin an riga an ja layi. Tun ran gini ran zane, ƙanena. Aikinku shi ne ku shiga jerin nan da wuri.

Maganar baƙunci

Wannan ta fi damuna, domin na ga yadda take sa mutanenmu su janye jiki tun ba a kore su ba. Kakanninmu suna Kumasi fiye da shekara ɗari. Kai ɗan Ghana ne, ruwan kuma na jama'ar Ghana ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, Act 936, ta wajabta wa asambuli ta ba mazauna gunduma da sauran masu ruwa da tsaki damar sa baki a ayyukanta. Wanda yake biyan kuɗin shiga kowace shekara yana da ruwa da tsaki. Wadda take biyan tikiti ta kafa tebur ma haka.

Amma haƙƙi hawa-hawa ne, kuma ina so ku riƙe wannan da gaske. Masuncin da yake kan padua, in kifi ya ƙare yaransa ne za su kwana da yunwa. Ku in an rufe wurin wanka Sallarku ce za ta rage daɗi. Ba ɗaya ba ne. Idan buƙatarku ta ci karo da tasa, tasa ce gaba, kuma ku faɗi haka da bakinku a gaban jama'a, za ku ga yadda fuskoki suke sakewa. Kada ku fara da ofis. Ku sanar da Sarkin Zango ko mai unguwarku, ku sami dattijo ɗaya da ya iya Twi sosai, ku je ku gaida odikro da dattawansa ranar da ba hutu ba, ku tambaye su abin da yake ɓata musu rai da zuwanku. Za ku ji abin da ba za ku so ba, ƙarar sifika har dare, yara masu tsallaka gonar mutane, tulin shara da ake bar musu. Gara ku ji shi a zaure da ku ji shi a lasifika ranar taro.

Abin da za ku nema

Maganar "a gyara mana wuri" ba ta shiga tsari, domin babu inda mai rubutu zai ajiye ta. Abin da yake shiga shi ne wanda za a iya nunawa a taswira, a sa masa kuɗi, a ɗora wa wani.

Ku sa tsaron rai a gaba. Yawancin yaranmu na Zango ba su iya iyo ba, kuma ranakun hutu irin su Sallah, Ista da Kirsimeti, lokacin da bakin ruwa ya cika maƙil, su ne ranakun da ake jin labarin nutsewa. Ku nemi a keɓe wurin wanka da igiya da alamun da suke yawo a kan ruwa, a auna zurfinsa, a sake aunawa idan ruwa ya hau ko ya ja baya, domin tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kututturan itatuwan da suke tsaye cikin ruwa shaida ne. Ku nemi masu ceto a ranakun cunkoso, a rubuta wanda zai biya su. Duk jirgin da yake ɗaukar 'yan yawo ya kasance da rigar ceto daidai da yawan fasinja, har da ƙanana na yara. A san asibitin da za a nufa da motar da za ta hau gangaren. Babu sarki ko masunci ko mai otal da zai yi jayayya da wannan, shi ya sa yake buɗe muku ƙofar sauran.

Sai abin da in ba ku faɗa ba babu mai tunawa: wurin canza kaya na mata mai rufi da ƙofa, bayan gida mai ruwa, wurin alwala da inda za a shimfiɗa tabarma a yi Azahar da La'asar. Ku kawo shi a matsayin maganar tsafta, domin haka yake. Mutum ɗari da ba su da inda za su kama ruwa bakin tafki za su nufa. A gina shi can sama da ramin tsotse ruwa, kowa ya huta.

Maganar innarka tana buƙatar natsuwa. Manufar ƙasa ta 2011 kan tazarar bakin ruwa ta ba da shawarar a bar mita 60 zuwa 90 a gefen manyan ruwaye irin wannan, a bar ciyawa da itatuwa su riƙe ƙasa su tace abin da yake gangarowa. Kada ta je tana neman kiyos ko kwantena a bakin ruwa, ba za ta samu ba, ni ma da ina teburin ba zan goyi baya ba. Abin da za ta nema shi ne wurin masu abinci da aka zana a taswira, sama da layin, kusa da inda motoci suke tsayawa, da rajistar masu sayarwa wadda ta haɗa da masu zuwa ranakun hutu kawai. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce maganar. Sau da yawa tsari yakan ce masu sayarwa su zama 'yan gari ko masu rumfa ta dindindin, da kyakkyawar niyya, sai ka ga layi ɗaya ya kori mata da yawa. Matan Abono suna da haƙƙin a fifita su a garinsu, saboda haka ku nemi kaso, ku bar musu mafi yawa. Innar ta je ta sami masu soya kifi su yi magana mata da mata kafin maza su shiga.

Ku tambayi kuɗin shiga: nawa ne, wa yake karɓa, ana ba da rasit, kashi nawa yake komawa ƙauyen da kwashe shara. Ku nemi rangwame ga yara da 'yan makaranta. Ku kuma nemi a rubuta cewa za a bar hanyar jama'a zuwa bakin ruwa, domin inda masauki suka yawaita katanga takan bi katanga har talaka ya rasa ta inda zai gangara.

Kada ku je hannu rabbana. Ku rubuta abin da ku ma kuka ɗauka: za ku sanar kafin ku zo da yawan motoci da yara, babba ɗaya ga kowane rukunin yara, kowace mota da buhunan shararta ta koma da su Kumasi, a kashe kiɗa a lokacin da aka amince. In aka kawo maganar ƙayyade yawan motocin da za su sauka a rana ɗaya, kada ku tashi da faɗa. Hanyar ɗaya ce, filin kaɗan ne, dole wata rana a ƙayyade. Ku nemi a yi shi da rajista tun da wuri maimakon a tsauwala kuɗi, domin in kuɗi ne zai tace mutane, yaran Zango ne za su fara zama a gida.

Yadda magana take zama a takarda

Ku rubuta wasiƙa shafi ɗaya ko biyu da sunan ƙungiyarku, zuwa ga shugaban gunduma, kwafi ga jami'in tsare-tsare da asambuliman na yankin Abono. Ku ce ku su wane ne, tun yaushe kuke zuwa, ku nemi a sa ku cikin jerin masu ruwa da tsaki. Ku kai da hannu, ku tsaya har a buga hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata. Ba sai an kira taro ba, ku kai yanzu. Idan an kira, ku nemi daftarin kafin ranar, ku sami wanda zai karanta muku shi a masallaci ko makaranta da Hausa. Ku nemi kada a sa zama daidai lokacin Juma'a. A taron mutum biyu su yi magana, namiji da mace, da Twi ko Turanci, kowa abu biyu, sannan ku miƙa takardarku a gaban jama'a. Daga ƙarshe ku yi tambaya ɗaya: yaushe za a fitar da jerin shawarwarin da aka karɓa, da amsar kowace, an ɗauka ko an ƙi da dalili? A wurina wannan jeri shi yake raba tuntuɓar gaske da ta cika takarda. In aka hana ku daftari ko rahoto, dokar samun bayanai ta 2019, Act 989, ta ba ku damar nema a rubuce, kuma ta ba hukuma kwana 14 ta ba da amsa.

Akwai wasu ƙofofin da mutane suke mantawa. Kowace shekara asambuli tana zama da 'yan kasuwa kafin ta tsayar da kuɗaɗen haraji da tikiti, can ake yanke abin da innarka za ta biya. Tsarin raya gunduma na shekara huɗu dole a yi masa zaman jin ra'ayi, tun dokar 1994, Act 480, kuma aikin da bai shiga cikinsa ba da wuya ya sami kuɗi. Idan babban otal ne za a gina, ƙa'idojin tantance muhalli sun tanadi EPA ta yi zaman jama'a inda aka sami ƙorafi mai ƙarfi ko za a tashi mutane daga mazauninsu.

Abin da taro ba zai yi muku ba

Jin ra'ayi ba ƙuri'a ba ce. Ko kun cika rumfa, hukuma tana iya saurare ta ƙi, abin da kuke bin ta shi ne dalili. Kuma ba kowane ruwa ake neman abu ɗaya a kansa ba. Owabi, da aka yi dam ɗinsa a 1928 aka kuma sa shi cikin wuraren Ramsar, wato dausayin da duniya ta amince a kare, a 1988, da Barekese a kan kogin Offin, ruwan famfon Kumasi ne. Can maganar wanka ba ta taso ba, sai dai yawon kallon tsuntsaye da ziyarar 'yan makaranta, kuma yadda gine-gine suka ci gefen Owabi ya isa ya nuna cewa layi a taswira ba ya tsare kansa. Tsari mai kyau da ba shi da kasafi a kabad yake ƙarewa. Taro ba zai ƙara ruwan sama ba, ba zai dawo da kifi cikin shekara ɗaya ba, ba zai kori masu galamse daga yankin shi kaɗai ba. In kuma maganar ta kai ga rikicin fili, ko an ba innarka takardar tashi, wannan ya wuce aikina, lauya za ku nema, ko ku kai ƙorafi ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, in kuna ganin ma'aikaci ya zalunce ku.

Bayan an amince da tsari, ku nemi kujera ɗaya ta masu ziyara da masu sayarwa a kwamitin da zai bi aiwatarwa, ko da ta mai sauraro ce. Ku ba wanda zai riƙa zuwa kuɗin mota daga asusun ƙungiya, ku zaɓi mai haƙurin zama, ya riƙa dawo muku da rahoto kafin kowace Sallah.